Masu busar sarewa a titunan Turai: kiɗan wa suke yi, kayan wa suka sa?

Tambaya: A bakin wata tashar jirgin ƙasa a Jamus na ga mutum uku suna busa sarewa, sun ci ado da hular gashin tsuntsu irin ta Jajayen Indiyawan da muke gani a fina-finan kaboyi. Da na tambaya sai aka ce mini 'yan ƙasar Ekwado ne. To kiɗan nan na gargajiyarsu ne? In kuwa ba nasu ba ne, ashe ba damfarar masu jefa musu kuɗi suke yi ba?

Amsa: Malam, mutanen da ka gani, bisa ga dukkan alama, 'yan asalin ƙasa ne na haƙiƙa, jikokin waɗanda Sifaniyawa suka tarar a tsaunukan Andes na Kudancin Amurka. Hular kuwa aro ce daga ƙabilun filayen Amurka ta Arewa irin su Lakota, waɗanda ke nesa da Ekwado da dubban kilomitoci. Kiɗan kuma gauraye ne. Kafin ka yanke musu hukunci sai ka san cewa abin da ake kira kiɗan Andes iri uku ne, kowanne da inda aka haife shi da wanda aka yi shi dominsa.

Na farko shi ne na ƙauye, wanda ba kasafai yake zuwa titin Turai ba. A kewayen tafkin Titicaca, tsakanin Peru da Bolibiya, Aimarawa da masu jin Kechuwa suna da wata sarewa mai suna siku, wadda Sifaniyanci ke kira zampoña: bututun kara ne aka jera aka ɗaure, kowanne a toshe ta ƙasa. Jeri biyu ne, ɗaya mai bututu 6 ana ce masa ira, ɗaya mai 7 ana ce masa arka. Muryoyin 13 an raba su ne ɗaya nan ɗaya can, don haka babu jerin da zai iya fitar da waƙa shi kaɗai. Mutum biyu ne ke busawa, wannan ya ba da murya wancan ya karɓa, kamar mata biyu suna lugude a turmi ɗaya. Ana haɗa irin waɗannan tagwaye da yawa su zama tawaga ta mutum goma sha wani abu zuwa sama da hamsin, su yi da'ira da manyan ganguna, su wuni suna busa a ranar biki. Hikimar rabon a fili take: a tudun da ya kusa mita 4,000 numfashi tsada gare shi, in kana hutawa a duk muryar abokinka za ka kai dare ba ka ji jiri ba. Ita ma sarewar girma-girma ce. Matsakaiciya, malta, bututunta mafi tsawo ya kai kimanin santimita 29. Sanka ta ninka ta, toyo ta sake ninkawa har ta wuce mita guda, chuli kuma rabin malta ce. A ƙauyuka da yawa na Bolibiya har lokaci aka raba wa kayan busa: daga watan Nuwamba zuwa bikin Kanibal na Fabrairu ko Maris, wato damina, ana busa wasu sarewa masu suna pinkillu da tarka, siku na rani ne. Busa ta a daminar ana ganin zai iya korar ruwa. Mata a al'adance ba sa busa, nasu waƙa ne da rawa.

Na biyu shi ne wanda duniya ta sani: mutum huɗu zuwa bakwai sanye da poncho, wato bargo mai hudar wuya a tsakiya, riƙe da kena (sarewar kara guda mai hudoji), da siku, da charango (wata 'yar ƙaramar jita), da jita, da gangar bombo. Wannan haɗin babu ƙauyen da ya gada. A birane aka ƙirƙire shi, kuma Paris na da babban kaso a ciki. A shekarun 1950 ɗalibai da mawaƙa 'yan Kudancin Amurka suna taruwa a wani gidan rawa mai suna L'Escale, daga nan ƙungiyar Los Incas ta fito a 1956, wadda daga baya Jorge Milchberg, ɗan Ajantina, ya jagoranta. A La Paz ta Bolibiya kuwa, ƙungiyar Los Jairas ta shahara daga 1966 a gidan Peña Naira, kuma mai busa mata kena, Gilbert Favre, mutumin Suwizalan ne. Yawancin waɗanda suka kafa salon 'yan birni ne, ruwa biyu ko farare, masu Sifaniyanci. Su ne suka haɗe ira da arka a hannun mutum ɗaya, suka daidaita muryar kara da ta jita, suka tsabtace busar daga kaushin da 'yan ƙauye ke so.

Waƙar da ta buɗe kasuwar ita ce El Cóndor Pasa. Daniel Alomía Robles, ɗan Peru, ya tsara ta a 1913 don wani wasan kwaikwayo da aka yi a Lima kan wahalar ma'aikatan haƙar ma'adinai. Los Incas suka ɗauke ta a faifai a 1963, mawaƙan Amurka Simon da Garfunkel suka ɗora mata baitocin Turanci a 1970, sai ta zaga duniya. Bayan shekara uku, a ranar 11 ga Satumba 1973, sojoji suka kifar da gwamnatin Allende a Chile. Cikin masu irin wannan kiɗa a Chile, ƙungiyar Inti-Illimani ta maƙale a Italiya, Quilapayún a Faransa, suka zama muryar 'yan gudun hijira. Daga nan Baturen da ya ji kena sai ya tuna da waɗanda aka zalunta, ya sa hannu a aljihu. Kasuwa ta riga ta ci kafin 'yan asalin da kansu su iso.

Isowarsu da yawa ta faru ne daga shekarun 1980, kuma a nan ne Ekwado ta shigo. Akwai wani gari, Otavalo, a lardin Imbabura, tafiyar kimanin awa biyu a mota arewa da Quito, babban birnin ƙasar. Mutanensa Kichwa ne, masaƙa kuma fatake tun kafin zuwan Sifaniyawa. A zamanin mulkin mallaka an tilasta musu saƙa a masaƙun gwamnati da na masu gandu, bayan haka suka mayar da sana'ar tasu ta kansu. Sun saba ɗaukar barguna da rigunan sanyi zuwa Kolombiya da Benezuwela tun kafin su fara hawa jirgi zuwa Amsterdam da Barcelona. Samari daga ƙauyuka irin su Peguche suka lura cewa mai busa sarewa yana tara jama'a, jama'ar kuma ta sayi rigar sanyi da kaset. Abin lura shi ne kiɗan gidansu daban yake da na Bolibiya. Nasu sanjuanito ne, kiɗa mai taki biyu na buga ƙafa, da goge irin na Turawa, da jita, da bandolin mai tsirkiya 15, da 'yar harmonika, da rondador, sarewa mai jeri ɗaya da ke fitar da murya biyu a busa guda. Charango da siku koyonsu suka yi daga kaset ɗin 'yan Bolibiya, saboda su Turawa suka riga suka sani. Ka ga ke nan aron farko ya girmi hular gashin tsuntsu da shekaru, sai dai aro ne daga maƙwabta, shi ya sa ba wanda ya yi magana.

Hular ita ce iri na uku, ta bazu daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa cikin 2000. Dalilanta na ciki ne da aljihu. Ƙungiyoyi sun yi yawa, har ya zama a babban titin kasuwa ɗaya sai ka ji biyu ko uku suna busa waƙa iri ɗaya. Masu wucewa sun gundura, kowa yana da kaset ɗinsa a gida. A daidai lokacin fina-finan Amurka na farkon shekarun 1990 sun farfaɗo da sha'awar Indiyawan Arewa, musamman a Jamus da Austiriya da ƙasashen gabashin Turai, inda yara suka taso da littattafan Karl May, marubucin Jamus mai labaran Jajayen Indiyawa. A gida kuma bankunan Ekwado sun rushe a 1999, ƙasar ta koma amfani da dalar Amurka a 2000, ɗaruruwan dubban mutane suka fita, akasari zuwa Sifen da Italiya. Sai Tarayyar Turai ta sa wa 'yan Ekwado biza a 2003, 'yan Bolibiya a 2007. Ɗauko mutum bakwai ya zama abu mai wuya da tsada. Lissafin mai sauƙi ne: abin da aka samu a wuni in an raba bakwai bai kai kuɗin ɗaki ba, in an raba biyu ya kai. Don haka aka sallami mai jita da mai ganga da mai charango, aka maye gurbinsu da kiɗan da aka riga aka naɗa, da lasifika, da batir ko ƙaramin janareta. Mutum biyu ko uku ba su cika ido kamar bakwai, to sai kaya su cika. Hula mai tsawo ana hango ta daga ƙarshen titi, yaro ya ja hannun uwarsa, a tsaya a ɗauki hoto, a sayi faifai.

Wanda bai taɓa riƙe kayan ba ba zai san wahalar da ke cikin wannan salon ba. Muryar bututu toshasshe tana bin tsawonsa: wanda zai ba da muryar da ake saita kayan kiɗa da ita, mai kaɗawa 440 a daƙiƙa, tsawonsa kusan santimita 19 ne. Amma tana kuma bin zafin iskar da ke ciki. Sanyi yana rage saurin sauti, sai muryar ta sauka. In zafi ya ragu da digiri 10, saukar takan kai kusan kashi ɗaya cikin uku na rabin mataki, wato tazara mafi ƙanƙanta tsakanin muryoyi biyu a kiɗan Turawa, kuma kunne yana jin haka sarai. Da a ce 'yan'uwa ne ke kaɗa jita, da sai su sassauta tsirkiya su bi shi. Kiɗan da aka naɗa ba ya bin kowa. Shi ya sa a kasuwannin Kirsimeti za ka ji busar tana ɗan rarrafe a ƙasan kiɗan. Ƙwararru suna maganin abin ta hanya uku: su ɗumama sarewar cikin rigar sanyi kafin a fara, su zuba ƙwayar masara ko shinkafa ko ɗigon kakin zuma a gindin bututun don ya gajarce muryar ta hau, ko su yi amfani da sarewa mai toshiyar da ake turawa sama da ƙasa. Mai yankan kara da ya san aikinsa yakan bar bututun ya ɗan fi tsawo, domin gajartawa tana yiwuwa, ƙarawa ba ta yiwuwa.

Karan da kansa ba ya son hunturun Turai. Ana busa shi a waje cikin sanyi, tururin baki ya jiƙa cikinsa, a shigo da shi ɗaki mai na'urar ɗumama wadda ta busar da iska, sai ya tsage a tsaye. Mai siririn jiki, irin wanda ake samu daga kwarin Zongo kusa da La Paz, ya fi daɗin murya kuma ya fi saurin tsagewa. Ana shafa masa mai kaɗan ta ciki, a naɗe bakin da zare, a bar shi ya huce a cikin jaka kafin a fito da shi. Wasu sun haƙura sun koma bututun roba, wanda ba ya tsagewa amma muryarsa ba ta da wannan ɗan hucin na kara. Fatar bombo, ta akuya ko ta tunkiya da gashinta, tana sakin jiki in an yi raɓa, sai an ja igiya. Charango mai tsirkiya 10, biyu-biyu sau biyar, a da da ɓawon wata dabba mai sulke ake yin bayanta. Yanzu dabbar tana cikin waɗanda yarjejeniyar kare namun daji ta duniya, CITES, ta taƙaita cinikinsu, jami'an kwastan na iya ƙwace irin wannan, don haka matafiya na katako suke ɗauka. Akwai kuma matsalar waƙoƙin kansu. Siku da kena na yau da kullum an yi su ne a kan ma'aunin muryoyi ɗaya, kena mai huda shida a gaba ɗaya a baya, tsawonta kusan santimita 38. Waƙar fim ko ta soyayya ta Turawa tana buƙatar rabin matakan da babu su a jiki. Sai mabushi ya karkata bututu ya rufe rabin bakinsa da leɓe, ko ya sayi siku mai jeri uku, ko ya ɗauki sarewar Romaniya mai lanƙwasa. In ka ga jeri ɗaya dogo mai lanƙwasa a hannunsa, wannan ba daga Andes ta fito ba. Amsa-kuwwar da suke cika wa lasifika tana sa a ji kamar a kan dutse ake busar, tana kuma rufe ƙananan kurakuran murya.

Doka ma tana sassaƙa kiɗan. A jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris sai an ci jarrabawar hukumar sufurin birnin, RATP, tsarin da ya fara a 1997. New York na da nata tun 1985. Madrid ta yi wa makaɗan titi jarrabawa a 2013. Birane da yawa na Jamus sun hana lasifika a tsakiyar gari, ko su ce bayan rabin awa ko awa guda a tashi a canza wuri. Izinin yin kiɗa kuma bai haɗa da izinin sayar da kaya ba, nan ne tara ta fi kama su, shi ya sa za ka ga an rubuta cewa faifan kyauta ne amma ana karɓar gudummawa. Mai bizar yawon buɗe ido kwana 90 yake da su cikin 180, ba shi da izinin aiki. Wanda ke zulumin ɗan sanda yana son kayan da zai tattara cikin minti biyu, kuma wannan ma ya taimaka wajen kashe manyan ƙungiyoyi. Abin da ya fi yi musu illa daga baya shi ne mutuwar faifan CD. Kuɗin da ake jefawa a akwati bai taɓa zama babbar riba ba, faifan ne, wanda ake bugawa da arha a sayar da ninkin kuɗinsa sau da yawa. Da motoci da kwamfutoci suka daina zuwa da gurbin faifai, sai aka koma sayar da munduwa da 'yan sarewar yara da ragar nan mai da'ira da ake ratayewa a ɗaki, wadda asalinta na ƙabilar Ojibwe ne amma yanzu ana saƙa ta a Otavalo. Kaɗan ne suka haye ta hanyar talabijin da intanet, kamar Leo Rojas, haifaffen Otavalo da ya yi kiɗan titi kafin ya lashe gasar Das Supertalent ta Jamus a 2011.

Yanzu batun damfara. Ra'ayina shi ne a raba abu biyu. Wanda ya ce shi ɗan asalin nahiyar Amurka ne, gaskiya ya faɗa. Da yawa daga cikinsu ma suna da hujjar da suka yarda da ita har zuci: tun shekarar 1992, da aka cika shekara 500 da zuwan Columbus, tunanin cewa 'yan asalin Kudu da na Arewa al'umma ɗaya ce ya yi ƙarfi, ana kiransa haɗuwar mikiya da kondo, babban tsuntsun Andes. Wanda kuma ya rubuta a bayan faifai cewa shi Apache ne ko Cherokee, wato ƙabilun Amurka ta Arewa, ya yi ƙarya, kuma a Amurka dokar 1990 kan sana'o'in hannun Indiyawa ta haramta sayar da kaya da irin wannan da'awar. Ko babu ƙaryar baki, ina ganin hular tana da farashi. A wurin Lakota da 'yan'uwansu kowane gashin mikiya lada ne na wani aikin bajinta, ba kowa ke sa hular ba, kuma sun sha bayyana ɓacin ransu da mayar da ita kayan wasa. Farashi na biyu a kan su Otavalo ɗin yake: mai kallo ya tafi bai san akwai wani harshe Kichwa ba, bai ji sanjuanito ko sau ɗaya ba. A cikin garin nasu ma ana wannan gardamar, dattawa da makaɗan da suka tsaya kan na gida suna sukar masu hula. Amma ba zan ɗora laifin duka a kan saurayin da ke biyan bashin tikitin jirgi ba. Masu wucewa ne suka nuna da kuɗinsu cewa sun fi son Indiyen fim a kan Indiyen da ke tsaye gabansu.

In kana son ganin inda asalin nasu yake zaune, kada ka tsaya a kan kayan aiki. Dubi bayan hular: namijin Otavalo yana barin gashi ya yi kitso ɗaya dogo har gadon baya, suna kiransa shimba. Saurari harshen da suke yi da juna in sun tsaya shan ruwa. Lura da matar da ke zaune kan tebur ɗin kaya, ko tana da farar riga mai surfani da baƙin zane da sarƙoƙin wuya masu ruwan zinariya jeri-jeri. Tambayi yadda suke da juna, kusan kullum za ka ji wa da ƙane ne, ko suruki, ko ɗan uban gida. Kuɗin da aka tara a titi shi ya gina benaye a Peguche, ya sayi injinan saƙa, ya kai yara jami'a, kuma yana cikin abin da ya ba su ƙarfin da Mario Conejo ya zama ɗan asali na farko da aka zaɓa magajin garin Otavalo a 2000, shekara goma bayan babban boren 'yan asali na Yunin 1990. Lokacin sanyin Turai, da kasuwa ta mutu, suna komawa gida bikin Pawkar Raymi a Fabrairu ko Maris, da gasar ƙwallon ƙafa da kiɗa, waɗanda suka samu su ɗauki nauyin ciyar da jama'a. A ƙarshen Yuni kuma bikin Inti Raymi ne: a yi wanka da dare a magangarar ruwan Peguche, a bi gida-gida ana buga ƙafa a da'ira, makaɗa a tsakiya. Waɗanda ba su samu komawa ba suna yin nasu a Madrid da Barcelona da New York, a filin shaƙatawa ko ɗakin haya, kuma a can ba mai sa hular gashin tsuntsu. Abin da ya fi damun iyayensu a yau shi ne yaran da aka haifa a Sifen, waɗanda ke jin Kichwa amma su amsa da Sifaniyanci, wasu kuma su aske kitson saboda tsokanar 'yan makaranta.

In ka sake cin karo da su, jira su gama waƙa, ka gaishe su, ka tambayi garinsu. In sun ce Otavalo ko Peguche ko Cotacachi, roƙe su su kashe na'urar su yi maka sanjuanito. In 'yan Puno ta Peru ne ko La Paz, ce su raba ira da arka tsakanin mutum biyu su busa maka sikuri, wato kiɗan siku na ƙauye. Duba tebur ɗin kuma, sau da yawa akwai faifai ɗaya a gefe mai sunayen waƙoƙi da Kichwa ko Kechuwa, ba shi da hoton kerkeci ko mikiya a bango. Shi ne na gida, kuma shi ne ya fi daɗewa ba a saya ba. In za ka ɗauki bidiyo, fara sa wani abu a akwatin, domin minti biyar ɗin da ka tsaya yana cikin rabin awar da hukuma ta ba su a wurin.